Baƙuwa a Gwangwani

Shekara bakwai ina lodin yashi a bakin teku,
can wajen Badagiri, inda ruwa ba shi da ƙetare.
Shebur a hannu, gishiri a leɓe,
tifa ta cika, tifa ta tafi,
ni da Mantau muna auna wata da mudun garin rogo.

Ba girman ruwan ne ya tsaya mini a rai ba.
Wata ciyawa ce.
Ta kwanta rub da ciki bisa rairayi,
ba ta miƙe ba, balle iska ta karya ta.
Tana tafe tana kafa turke:
taku ɗaya saiwa, taku biyu saiwa.
Ganyenta tsagagge ne, kofaton akuya sak,
ga kauri, ga santsi kamar an goga masa kaki,
feshin gishiri ya sauka ya zame.
Yau yashi ya binne ta da rai,
jibi ta ɓullo can gaba riƙe da fure shunayya.
'Ya'yanta ba sa nutsewa;
igiyar ruwa ke kwasar su
ta kai su ci-rani wata gaɓa.

Na ce, Mantau, ai wannan duman kadar garinmu ce.
Ya ce, yunwa ce ke nuna maka gida.

Ranar tahowa na yanko reshe biyu,
na cusa a gwangwanin madara da yashinsu.
Kwana biyu a bayan tirela
ina raba ruwan leda da su,
har Sandamu.

Na dasa su a bayan rumbu.
Na ce tunda sun saba, kada kewa ta kashe su,
sai na riƙa jiƙa musu gishiri da asuba.
Inna Tabawa ta kama ni ran kwana na huɗu.
Ta ce, gishirin miyata kake ba ciyawa?
Wa ya ce maka so take?
Haƙuri ta yi da shi.
Zama da mugun maƙwabci ba ƙauna ba ce.

Ta ja ni jigawar arewa da gari,
tana dogara sanda, ina biye kamar ɗan akuya.
Ta tsinke ganyen tumfafiya, nono ya zubo:
ka ga wannan, ɗaci ta ɗauka ya yi mata gadi.
Aduwa ta sayar da faɗin ganye ta sayi ƙaya.
Kaba kuwa, shekara nawa ana sassabe ta?
Abin da ke sama ɗan aike ne,
mai gidan yana ƙasa, wajen danshi.
Ƙarangiya ta maƙale mini a wando.
Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta:
ga wadda ba ta da teku,
kai ne kwalekwalenta.

Ban ce komai ba.
Na tsuguna ina cirewa ɗaya bayan ɗaya,
ina tuna yadda na yi tafiyar dubban zango
don in ga abin da ke bayan gidanmu.

Reshe ɗaya ya bushe kafin kaka.
Ɗayan ya yi shiru wata biyu,
har na daina leƙa shi.
Sai ga shi ya ratsa ƙarƙashin danga,
ya kafa saiwa uku a gidan Barau
ba sallama.

Daren jiya na kira Mantau.
Ina jin tekun a bayan muryarsa
yana numfashi kamar sa a turke.
Ya ce, baƙuwar taka ta kama?
Na ce, ta kama. Kai fa?

Ya daɗe bai amsa ba.
Ruwan ne kawai ke ta zuwa yana komawa.